Kada mu jira sai mun ga jini

Jama'ar Maraɗi, maganar zazzaɓin Lassa na damuna, musamman da rani, lokacin da cutar ta fi tashi a Najeriya. Mu da Jibiya da Katsina kullum ana kai da komo ta Ɗan Issa, fatake da ƴan biki da masu jinya.

Abin da ya fi tada mini hankali shi ne yadda mutane suka ɗauka sai an ga jini ta hanci ko ta baki sannan a ce Lassa ce. Wallahi wannan tunanin na cin rayuka, domin yawancin masu cutar ba sa zubar da jini.

Ƙwayar cutar, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, tana shiga ta abincin da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa, ko ta jini da ruwan jikin mara lafiya. Da shigarta, ƙwayoyin garkuwar jiki take fara kamawa, waɗanda aikinsu su hango baƙo su yi kururuwa. Sai ta kutsa cikinsu ta yi ta hayayyafa, ta kuma hana su fitar da intaferon, sinadarin da ke tada sauran jiki. Ɓarawo ne da ya fara toshe bakin mai gadi. Mutum na iya yin mako uku yana harkarsa lafiya lau. Sannan masassara ta fara, da ciwon kai da maƙogwaro, kowa ya ce ta sauro ce. A wanda ta yi wa tsanani, kafin garkuwa ta farga an taɓa hanta da saifa, jijiyoyin jini sun fara yoyo, fuska ta kumbura, ruwa ya taru a ƙirji.

Gaskiya ne kusan kashi 80 cikin 100 suna warkewa ba tare da wata wahala ba. Amma a mai tsohon ciki sau da yawa ɗan ba ya rayuwa, kuma cikin waɗanda suka tashi daga jinya akwai masu kurmancewa.

Har yanzu babu allurar rigakafi. Maganin da ake bayarwa, ribabirin, amfaninsa a kwanakin farko ne. Don haka iyayenmu mata, don Allah, in an sha maganin sauro masassara ta ƙi sauka, a bar mai tallan magani a tafi likita, a kuma faɗa musu in mara lafiyar ya yi tafiya kwanan nan. Garin gero da tuwon da ya kwana kuwa a rufe su da murfi mai nauyi.