Masu Hasashen Kuɗin Dakon Kwantena Sun Sake Buɗe Baki

Kamfanonin nazari sun sake cika mana kunne da cewa da zarar jiragen kwantena sun koma bi ta mashigin Suez, kuɗin dako zai faɗi warwas, kowa ya huta. Abin haushin shi ne gadarar da suke faɗin maganar da ita, kamar ba su ne suka tafka irin wannan lissafi a 2023 ba.

A Oktoban 2023, kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 a ma'aunin Drewry, wani kamfanin nazarin sufurin teku, ya sauko ƙasa da dala 1,400, bayan ya haura dala 10,000 a Satumban 2021. Aka ce jirage sun yi yawa, kasuwa ta kwanta. Har Maersk, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin dakon kwantena, ya sanar a Nuwamba cewa zai rage ma'aikata 10,000. A cikin watan ne 'yan Houthi na Yemen suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, jiragen suka koma zagaye ta ƙurewar kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da kwana goma zuwa sati biyu, rarar jiragen da ake kuka da ita ta ƙare ƙaf. Kafin Yulin 2024 ya fita, farashin ya kusa dala 6,000.

Za su ce ai ba wanda ke hango yaƙi. To, me ya kai su buga lamba?

Amma ni ba ma nan gizo ke saƙar ba. Ma'aunan da ake kafa hujja da su na dogayen hanyoyi ne, irin su Shanghai zuwa Rotterdam da Shanghai zuwa Los Angeles. Mai kayan da ke ƙaramar tasha bai san wannan farashi ba. Kwantenarsa sai an sauke ta a babbar matattara kamar Singapore ko Colombo ko Tanger Med, ta zauna a fili tana jiran ƙaramin jirgin da zai kwashe ta. In babban jirgi ya makara da kwana biyu, ƙaramin ya riga ya tashi, sai wani satin. Lokacin da cunkoso ya shaƙe Singapore a tsakiyar 2024, irin waɗannan kaya ne suka fi shan jira.

Su kuma kamfanonin dako ba zaune suke suna kallon farashi na zubewa ba. Da sun ga ya fara sauka, sai su soke wasu tafiye-tafiye, ko su rage gudun jirage, ko su lafta ƙarin kuɗin cunkoso da na mai a kan takardar biya. Su ƙalilan ne, kuma a haɗe suke. Ƙawancen Maersk da MSC ya ƙare a Janairun 2025, a Fabrairu Maersk ya fara aiki da sabon ƙawancensa da Hapag-Lloyd mai suna Gemini, wanda aka gina kan manyan matattara kaɗan, sauran tashoshi kuwa sai ta ƙananan jirage. Wannan sauyi ya fi shafar ɗan kasuwar yanki fiye da duk wani hasashe kan Suez, amma a rahotannin da ƙyar yake samun layi biyu.

Hukumomin tashoshi na kowane yanki su fara wallafa nasu ma'aunin: kwanakin da kwantena ke yi a fili, tafiye-tafiyen da aka soke, da ainihin kuɗin da mai kaya ya biya har da ƙare-ƙaren. Kamfanonin za su ce wannan sirrin kasuwanci ne. Sai a tilasta musu.