Keke ne ko kwale-kwale?

Wai a Amurka har zama hukuma take yi kan motar nan mai shiga tafki da 'yan yawon buɗe ido, ana ƙirga rigunan ceto. To mu fa? Kowace damina a Zariya daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari keke ke rikiɗa kwale-kwale, wa ya taɓa zama a kanmu? Agusta na kamawa kwata ta toshe da ledar fiyawota, ruwa har gwiwa, mai keke ya ce "Alhaji, ɗaga ƙafa," sannan ya ƙara kuɗi. Kuɗin me, na kallon kwaɗi? Shaddata ta Juma'a ta koma kalar kunun kanwa, takalmina ɗaya kuwa ina jin tuni ya bi rafin Kubanni ya faɗa kogin Galma!