Amsar da ta ci maka jarrabawa a gida tana iya kayar da kai a Ingila

Duk wanda ya yi karatun jinya ko likitanci a gida Najeriya ya san yadda ake bitar jarrabawa. A baje takardun tambayoyin shekarun baya, ɗaya yana karantowa, saura suna amsawa da ka: ma'anar cuta, musabbabinta, alamominta, gwajin da za a yi, magani, da abin da kan biyo baya. Wanda ya fi kowa hadda shi ne gwani. Da wannan tsarin na tashi, kuma ba na raina shi, don shi ya sa ko daga barci aka tashe ni zan lissafo alamomin sankarau ba gargada. Sai dai tun da na fara aikin jinya a Ingila, ƙannenmu masu shirin jarrabawar ƙetare ke aiko min da saƙo iri ɗaya: "Yaya, a taimaka mana da amsoshi." Ni kuwa ra'ayina, a fannin gano cuta da magani babu shirin da ya kai haddar amsa rauni, domin amsar da ke daidai ta danganta da wane ne majinyacin da kuma inda yake kwance.

Ga yaro ɗan shekara uku, kwana biyu yana zazzaɓi, ya ƙi abinci, sai barci. A gida zuciyar kowa maleriya za ta fara kawowa, kuma da gaskiyarta. A yi gwajin jini tukuna, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2010, a duba sukari, a buɗe fatar ido a ga ko jini ya yi ƙasa. In ta yi tsanani, allurar atesunet: miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai. To kawo wannan yaron cikin takardar jarrabawar Ingila. In ba a ce ya dawo daga tafiya ba, ka ce maleriya ka faɗi. Abin da ake so ka fara tsoro shi ne ƙwayoyin cuta sun shiga jini, ko sankarau. Ka nemi ƙurajen da ba sa dusashewa in an danna su da kofin gilashi, ka kira babban likita, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa guda. Yaro ɗaya, alamomi ɗaya, amsa biyu. Abin dariyar ma, maleriyar da ake gani a asibitocin nan yawanci mu ne ke kawo ta: a je hutu gida ba a sha maganin rigakafi ba, wai jini ya saba, alhali wannan sabon yana zagwanyewa in an daɗe ba a zaune inda cutar take.

Likitocin dabbobi nasu ya fi fitowa fili. Wanda ya ƙware a sammore da ciwon huhun shanu, in ya zo neman rajista a nan sai ya tarar da karnuka da kyanwoyi masu ciwon suga da ciwon ƙoda sun cika masa takarda. Ciwon baki da ƙofato kuwa, wanda a gida ake wanke gyambon a lallaɓa dabbar har ta warke, a nan amsarsa ba magani ba ce sam. Doka ta wajabta a sanar da hukuma nan take, a hana dabba shiga ko fita daga gonar. Ɓarkewar cutar a Birtaniya a 2001 ta ci dabbobi sama da miliyan 6, shi ya sa ba sa wasa da ita.

Ita kanta jarrabawar ba irin tambayar da muka saba take yi ba. Ma'aikacin jinya da ke son rajista da NMC, hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, zai fara da ta kwamfuta: tambayoyi 15 na lissafin magani, 100 na aikin jinya. Sannan OSCE, wato jarrabawar gwada aiki a aikace a gaban mai ba da maki, tasha 10, inda huɗu ke bin majinyaci ɗaya tun daga dubawa, tsara kulawa, aiwatarwa, har zuwa auna sakamako. Likitoci kuma tasu jarrabawar rajistar ita ce PLAB: tambayoyi 180 cikin awa uku, sai tasha 16 a Manchesta, kowace minti takwas. Da wuya a ce maka "lissafo alamomi biyar". Za a ba ka zaɓin da kusan dukkansu daidai ne, a ce wanne za ka fara yi. Mutum yana haki, hawan jininsa ya faɗi, yana kukan ciwon ciki. Maganin ciwo daidai ne, ƙarin ruwa daidai ne, amma hanyar iska da numfashi ne a gaba. Mai hadda ya san duk amsoshin, jerin ne ke kayar da shi.

A tashar ba da magani ne ake ganin ƙwararru suna zufa. Ka wanke hannu, ka gabatar da kanka, ka nemi izini. Majinyaci ya faɗi sunansa da ranar haihuwa, ka gwada da abin da ke ɗaure a hannunsa da abin da ke takarda. Ka tambayi maganin da jikinsa ba ya karɓa. Ka ɗaga kwali ka karanta ranar lalacewa da ƙarfi, don mai ba da maki abin da ya gani ko ya ji kawai yake rubutawa. Irin tarkon da ake gudu shi ne a rubuta amoksisilin, wanda dangin fenisilin ne, ga wanda fenisilin ke tayar wa da borin jini, ko digoksin, maganin zuciya mai rage saurin bugunta, ga wanda bugun zuciyarsa bai kai 60 a minti ba, a ga ko za ka miƙa don kawai likita ya sa hannu. Nas da ta shekara goma tana karɓar haihuwa tana iya faɗuwa a nan don ta manta sa hannu a takarda. Akwai wasan kwaikwayo a ciki, ban musa ba, wani lokacin har ya gundure ka. Amma jarrabawar da ke ba ka maki don ka ƙi bin rubutun likita da hujja tana koyar da abin da makarantunmu ba su cika koyarwa ba. Mu an tarbiyyantar da mu a kan kada a ja da na gaba.

Haka batun NEWS2, ma'aunin gano majinyacin da jikinsa ke rikicewa, wanda aka fitar a Birtaniya a 2017. Numfashi, iskar oksijin a jini, hawan jini, bugun zuciya, zafin jiki da hayyaci, kowanne da makinsa. Jimla ta kai 5, a kira likita da gaggawa. Ta kai 7, a kira tawagar ceto. Ba sai ka san sunan cutar ba kafin ka ɗaga murya, kuma takarda da biro kawai yake buƙata ban da kayan awon da kusan kowane asibiti ke da su.

Kada wannan ya sa wani ya ɗauka komai na nan ya fi. Ido da hannun da aka samu a gida ba a sayen su. Mun ga ƙyanda da idonmu, mun ga jijjigar masu ciki, mun ga tamowa, mun nemo jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse. Da yawa daga abokan aikina a hoto kawai suka san waɗannan. Mai sikila in ya shigo yana murƙususu, ƙa'idar nan ta ce a ba shi maganin ciwo cikin minti 30, amma wanda ya taso yana ganin ciwon ba ya tsayawa tantamar ko da gaske yake. Littattafansu kuma na cewa fata za ta yi ja ko shuɗi, abin da ba haka yake bayyana a baƙar fata ba, sai ka duba leɓe, harshe da tafin hannu. Wani bincike da aka yi a Mishigan ta Amurka a 2020 ya nuna na'urar awon oksijin da ake maƙalawa a yatsa ta fi kuskuren ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙaƙe, kusan ninki uku.

Namu laifin shi ne gaggawar laƙaba suna. "Maleriya da taifot" ta zama amsar kowane zazzaɓi, a dogara da gwajin jinin taifot na Widal guda ɗaya wanda kowa ya san ba ya tabbatar da komai shi kaɗai, a haɗa wa mutum magunguna, alhali wataƙila ciwon mafitsara ne, ko tarin fuka, ko zazzaɓin Lassa. Ɗalibin da ya haddace amsa a aji, shi ne gobe zai haddace ta a gaban majinyaci. Yanzu da hukumar jinya ta Najeriya ma ta rungumi jarrabawar kwamfuta da OSCE, fatana a riƙa gina tashoshin a kan cututtukanmu da kayan aikin da muke da su, kada a kwafo na wasu.

Abin da nake gaya wa masu neman amsoshi shi ne, ku ci gaba da bitar tambayoyin baya, amma duk wadda kuka amsa ku canza abu ɗaya a cikinta ku sake amsawa. Ɗauki hawan jini. Bature ɗan shekara 45 marar ciwon suga, ƙa'idar Ingila ta ce a fara masa da irin su lisinofiril. Mayar da shi baƙar fata ɗan asalin Afirka, amsar ta koma amlodifin. Mayar da shi mace mai ciki, lisinofiril ya haramta gaba ɗaya saboda illarsa ga ɗan tayi, sai labetalol ko nifedifin, ko metildofa da aka fi samu a asibitocin gida.