Wai Hausawan Makka ba su san amana ba, sai takarda

Wani abokin mahaifina, ɗan kasuwa a Kano mai sauke kaya daga Sin, ya zo Umara cikin Sha'aban, ya biyo ta shagon da nake aiki a unguwar Misfala ta Makka. Shagon tsaraba ne mai ƙofa ɗaya. Mai shi Bahaushe ne haifaffen Makka, ɗan ƙasa, dattijo marar yawan magana. Baƙon nan, wanda nake ce wa Baba tun ina yaro, ya dudduba kaya, ya ɗaga carbi ya jinjina shi a hannu, ya tambayi nawa muke saro dozin. Da aka faɗa masa sai ya kwashe da dariya ya ce ana cutarmu. Shi zai sauke mana irinsa daga Yiwu da rangwame mai kauri, a ba shi rabin kuɗi yanzu, kaya su iso kafin aikin Hajji.

Maigidana ya sa aka kawo shayi da dabino, ya bar shi ya kai aya. Sannan ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. In kayan sun iso, da sunan wa za a rubuta fatura, wato takardar sayen kayan? In na buɗe kwali na tarar rabi sun tsinke, ina zan same ka? Wanda bai fita ba bayan alhazai sun watse, za ka karɓi abinka?"

Baba ya ce, "Haba ɗan'uwa, ni da kai har sai an yi wannan? Tambayi yaron nan ko ni wane ne a Kano."

"Na yarda da kai, Alhaji. Amma ba zan iya ba."

Muna tafiya Harami sallar la'asar Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, mutanen nan Hausar ce kawai ta rage a bakinsu. An zare musu amana, sai takarda. Ya gwammace ya kai wa Bayamale kuɗinsa da ya ba ɗan'uwansa." Ban tanka ba, don ba a musu da sa'an uba a hanyar masallaci. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa nake rubuta wannan.

Shagon tsaraba a Makka yana rayuwa ne a kan lokuta biyu: goman ƙarshe na azumi, da kwanakin da ke tsakanin saukowa daga Mina da tashin jirage. Sauran watanni ana ɗan taɓawa da masu Umara, amma kuɗin haya, wanda a kusa da Harami ba ya jin kira, a waɗannan makonnin ake fitar da shi. Alhajin Najeriya in ya shigo ba carbi ɗaya yake so ba. Dozin uku yake nema na makwabta, da zobba da awarwaro na 'yan mata, da kwalli da miski na iyaye mata, da sallaya ta surukai, da 'yar kyamarar robar nan da yara ke leƙawa su ga hoton Ka'aba. Ɗan Indonesiya nasa daban, Baturke nasa daban. In ka sayi launin da bai dace da alhazan titinka ba, ko kayanka suka makara da mako biyu, ka zauna da su har wata shekara, ga hayar sito tana cinka.

Saboda haka abu na farko da mai shago ke dubawa a wurin ɗan sari shi ne kusancinsa. Kusan duk tarkacen nan daga wuri ɗaya yake fitowa, garin Yiwu da ke lardin Zhejiang, inda kasuwa guda ke da rumfuna sama da 70,000. Wanda Baba zai sayi kaya a wurinsa da wanda Bayamalen, ɗan sarin da muke saro kaya a hannunsa, ke saye a wurinsa, ƙila layinsu ɗaya. Bambancin shi ne na Bayamalen sun riga sun tsallake teku, sun fita daga tashar jiragen ruwa ta Jidda, suna jibge a sito. Lokacin da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023 kuɗin dako ya tashi, ranar isowar kwantena kuma ta zama sai yadda hali ya yi. Wa zai ɗora cinikin shekararsa a kan kwalin da ke kan ruwa, alhali ga wani a Jidda, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba?

Wanda bai taɓa shiga cikin Balad, tsohon garin Jidda, da niyyar sari ba ba zai gane ba. Ka bar titin Gabil da masu zinari, ka kutsa lungunan Khaskiyya da Bab Sharif, ƙarƙashin tsoffin gidajen nan masu tagogin katako da aka saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Shagon ɗan sari ɗan tsukuku ne, samfuri kawai ke rataye a bango, kowanne da lambarsa. Wani Bahadrame, wato Bayamalen Hadramaut, na zaune bayan teburi da kwamfuta da butar shayi, ba ya ɗaga murya, ba ya jan rigarka. Ka nuna lamba, ya faɗi kuɗin dozin da na kwali, ya faɗi saura kwali nawa a sito. Ba a yin cinikin nan na a tashi a tafi a kira ka ka dawo. Ragi yana nan, amma a kan yawan kaya yake, kuma wanda za a yi maka shi za a yi wa na bayanka. Ma'aikata 'yan Bangaladash da Habasha na ta kai da kawo da amalanke a lungun da mota ba ta shiga. A nan Makka kuma akwai kasuwar Ka'akiyya can kudu, inda alhazai masu wayo ke haɗa kuɗin tasi su je da kansu.

Galibi ma ba kai ke zuwa ba. Mandubi, wato wakilin ɗan sari, shi ne ke zagayowa da farar motarsa, ya buɗe baya ya nuna abin da ya shigo sabo: carbin yatsa mai ƙirga tasbihi, agogo mai kiran salla, fitilar yara mai waƙa. Sabon kaya da ba a san ko zai karɓu ba sai ya bar maka shi a kan tasrifi, wanda ka sayar ka biya, wanda ya kwana ya kwashe abinsa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai ƙaramin shago ya riƙe ɗan sari shekara da shekaru, ko da wani ya zo da ragin riyal biyu a dozin. Kayan yayi ne, bana ana rububinsu, baɗi ko kallo ba su ishi kowa ba. Maigidana kan gwada sabon ɗan sari da kwali biyu ko uku. Ya ja zaren carbi ya ga ko zai tsinke, ya goga zobe a tafin hannu ya ga ko zai yi baƙi, ya ƙirga dozin ya tabbata goma sha biyu ne. Sannan da gangan ya mayar da wani abu, don ya ga da wace fuska za a karɓa.

Sai maganar fatura, wadda ta fi ɓata wa Baba rai. Saudiyya ta fara karɓar harajin kayan masarufi a Janairun 2018 a kan kashi 5 cikin 100, ta ɗaga shi zuwa kashi 15 a Yulin 2020. Shagon da cinikinsa ya haura riyal 375,000 a shekara dole ya yi rajista. Daga 4 ga Disamban 2021 kuma aka daina yarda da rasit na hannu, sai na na'ura mai lambar da ake haskawa da waya. In ka saro kayan riyal 10,000, akwai riyal 1,500 na haraji a kai, kuma ba za ka cire shi daga abin da hukuma ke binka ba sai da faturar ɗan sari mai rajista. Ragin da Baba ke taƙama da shi, wani kaso mai yawa nasa a nan zai narke. Ga masu bincike na ma'aikatar kasuwanci da na baladiyya, wato hukumar gari, da ke zagaye shaguna gabanin Hajji. Su ɗauki abin wasan yara su nemi tambarin ingancin ƙasashen Gulf, su ɗauki kwalli da turare su nemi inda aka yi su, su tambayi takardar sayen kaya. Ba za ka ce musu wani mutumin kirki ne a Kano ya kawo ba. Tarar a kan mai shago take, in abin ya yi muni a rufe ƙofa a tsakiyar kakar ciniki.

Na san yadda muke yi a gida, ban manta ba. Na kuma san mutum nawa ne suka tashi a Kwari da Sabon Gari da Singa ba su da ko sisi sai kalmar ubangida. Ba ƙaramin abu ba ne. Kuma adalci ne a faɗi cewa ɗan sarin Jidda yana iya barin kayansa wata uku a shagon wani saboda riyal na nan a 3.75 kan dala tun 1986, shi kuwa na Kano ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda kuɗinsa ke zagwanyewa a hannun mai bashi ba za a ce masa ya yi tasrifi ba.

Amma a gaya mini gaskiya: shagunan 'yan'uwa nawa ne suka mutu saboda an saro a wurin ɗan gida, kaya suka zo ba yadda aka ce ba, kunya ta hana a mayar? Zumunci nawa ne ya tsinke a kan bashin da kowa ke da nasa lissafin a ka? Mai shago a gida sau da yawa ba zaɓar ɗan sari yake ba, gadonsa yake yi. A nan na ga akasin haka, kuma na fi yarda da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ba Saudiyya ce ta ƙirƙiro ba, ba kuma Turawa ba. Mun haddace ta a allo, amma in ɗan'uwa ya ce a rubuta sai mu ce ya raina mu.

Kuma takardar ba ta kori tausayi ba. A 2020 aka dakatar da Umara, aka yi Hajji da mutane 'yan kaɗan mazauna ƙasar, a 2021 aka ƙayyade kusan 60,000. Shagonmu ya cika da kayan da aka saro don alhazan da ba su zo ba. Bayamalen da Baba ke yi wa kallon bare ya kira maigidana ya ce kada ya damu, lissafi na nan a rubuce, in Allah ya buɗe ƙofa a biya. Bai ƙara ko riyal ɗaya ba, bai aiko yaro ko sau ɗaya ba. Ya iya yin haka ne don ya san nawa ne, maigidana ma ya san nawa ne, ba wanda zai wayi gari da sabon labari. Mutumin da ya yi maka wannan, za ka sake shi don wani ya zo da Hausa a baki da alkawari?

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne "Hausar ce kawai ta rage a bakinsu." Kakan maigidana da ƙafa ya zo. Ya bi ta Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, da Abeche, ya shiga Sudan ta Jinaina, ya yi noman ƙodago a hanya, ya zauna a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, kafin ya hau kwalekwale a Sawakin. Jikokin irin waɗannan mutane ne suka cika unguwannin Shara Mansur da Hindawiyya. Su suka koya wa mutanen Hijaz cin tsire. Su ke tarbar alhajin da ya ɓata, su kai marar lafiya asibiti, su bi gawar wanda ba shi da kowa zuwa maƙabartar Shara'i. Da aka rushe Karantina da Sabil da wasu unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021, na ga gidan da iyali uku suka cunkusu a ciki wata da watanni, ba wanda ya rubuta wa wani komai. Matansu na adashi har gobe da baki kawai. Sun dai raba inda ake kunya da inda ake lissafi.

Mu da muka zo daga baya da igama, takardar izinin zama, a aljihu, a tsakiya muke. A nan ana ce mana Takari, a gida a ce mana mun zama Larabawa. In ka aika kuɗi kai ɗan albarka ne, in ka ce a turo maka hoton rasit na bulon da aka ce an saya, ka canza hali. Ni kuwa ban ga abin da ya canza a kaina ba, illa na ga wata hanya ta yi aiki a gaban idona. Ina son kasuwar Kurmi, ina kewar ƙanshin fata da hayaniyar 'yan koli, har nakan tsaya in kalli bangon shagonmu in ji haushi babu ko jaka ɗaya ta dukawan Kano, babu hula ɗaya ɗinkin hannu, alhali alhazai daga ko'ina za su saya. Na taɓa yi wa maigidana maganar. Ya ce a kawo masa wanda zai yi guda ɗari biyar iri ɗaya, ya iso ranar da ya ce, ya rubuta fatura, shi zai fara saye. Na kira mutum biyu a gida. Na farko ya ce in turo kuɗi tukuna a ga abin da Allah zai yi. Na biyu ya tambaye ni ko zan iya samo masa bizar aiki.