Masu turin waƙa, ku daina cakuɗa mana makaɗa

Don Allah masu turin waƙa na bakin babbar kasuwar Maradi, a gyara aiki. Mutum ya miƙa memori ya ce a zuba masa Shata, sai ya je gida ya tarar rabi Ɗan Anace ne, don kawai an ji kalangu. Shata, wanda ya rasu a 1999, salonsa daban, Ɗan Anace kuwa mawaƙin 'yan dambe ne, ko muryar ba ɗaya ba. Ɗanƙwairo da Narambaɗa duk kotso suke kaɗawa, amma wannan bai mai da su mutum guda ba. Har kuntigin Ɗanmaraya Jos ake liƙa wa sunan Haruna Uji mai gurmi! Da haka yara ke tashi suna gardama a fadarsu ta hira kan abin da ba haka yake ba.

Sautin ma abin takaici ne. Ana kara salula a bakin rediyo mai kaset, a ɗauka har da ƙarar babur. In batir ya yi sanyi kaset na jan jiki, murya ta yi kauri, kiɗa ya mutu. Daga nan a yi ta turawa ta WhatsApp, sunan waƙar ya ɓace, sai lambobi.

Gyaran ba wuya. A goge kan da ke karanta zaren kaset a cikin rediyon da auduga da alkol, a jona shi da wuta, a ja waya daga ramin abin saurare zuwa kwamfuta. A ɗauki fuskar kaset ɗungurum, sannan a yanka waƙa-waƙa, kar a datse amshin ƙarshe. Kowace a rubuta mawaƙi da wanda aka yi wa ita. Kasetocin Sa'adu Bori namu na nan Maradi su ya kamata a fara ceto, tun zaren bai tsinke ba.