Ranar da Kawu ya yafe wa kansa bashi

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a shagona da na sa wa DokuWiki, manhajar ajiye shafukan rubutu da ake buɗewa a gyara ta waya ko kwamfuta, don farashin kaya da sunayen masu bashi. Ranar girkawa an ba ni zaɓi uku: buɗaɗɗe, na jama'a, rufaffe. Ana kiran la'asar, na danna buɗaɗɗe na tashi. Ashe duk wanda ya hau wifin shagon zai karanta, ya gyara, har ya ɗora hoto.

Talata Kawu ya shigo Babbar Kasuwa tambayar kuɗin jarkar mai. Yaron shago, don ya burge shi, ya buɗe masa adireshin a wayarsa. Kawu bai tsaya a farashi ba, ya zarce shafin bashi. Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya karanta da ƙarfi kamar mai sanarwar ɗaurin aure: "Kawu, jaka 47. In ya ce gobe, yana nufin bayan girbin gero." Ya ɗago. Ya sake karantawa, wannan karon a hankali. Na ce, "Kawu, ai wani Kawun ne." Ya ce, "Kawu nawa gare ka a Maradi?"

Sai ya taɓa fensirin gyara, ya goge komai, ya ajiye. A DokuWiki shafin da aka ajiye babu rubutu ya tafi ke nan. Ya ce, "Na yafe mana duka."

Da dare na dawo da shafin daga tsofaffin bugu, tunda DokuWiki na ajiye su cikin data/attic. Na shiga conf/acl.auth.php, fayil ɗin izini, na raba: kowa sifili, wato ba izini, a kan komai, sashen farashi 1 don karatu kawai, yaran shago 2 don gyara, sashen bashi kuwa sifili gare su. Nan ma na yi tuntuɓe: in mutum yana cikin rukuni biyu a wuri ɗaya, izini mafi girma ke cin nasara, shi ya sa yaron ya ci gaba da gani sai da na cire shi daga ɗayan rukunin da yake ciki. Asusun mai gida, wato na mai cikakken izini a DokuWiki, na ware shi, ba na barinsa a buɗe.

Wanda ya fi ƙona mini rai mai shayin bakin ƙofa ne. Har ya ajiye buta yana dariya, alhali sunansa na ƙasan na Kawu, dala 70 tun azumi. Yanzu in na wuce sai ya ce, "Alhaji, an girbe geron?"

Kawu dai bai dawo ba tukuna.