Limerick, garin da mawaƙansa suka wanke wa suna

Jama'a, ku bar ni yau in yi magana a kan garin da nake zaune, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda na ce wa ina Ireland, sai ya ce, a Dublin ko? In ya ɗan san waƙa ya kira U2, shi ke nan. Ni kuwa a Limerick nake, a bakin kogin Shannon, garin da mutanensa suka ɗan haura dubu 100. Kafin in zo sai da aka yi ta tsorata ni da shi. Jaridu sun daɗe da laƙaba masa "garin wuƙa", kuma faɗan 'yan daba na farkon shekarun 2000 ya ƙara tabbatar da sunan a bakin mutane. Sunan nan yana ƙona ran 'yan garin matuƙa.

A ganina, mawaƙa ne suka fi kowa wanke wa Limerick wannan baƙin fenti, kuma sun yi hakan ne don ba su ji kunyar harshen garinsu ba.

Ku dubi Dolores O'Riordan. An haife ta a 1971, ta tashi a Ballybricken, wani ƙauye a wajen gari, ita ce autar gidansu. A 1990 ta shiga ƙungiyar da ta zama The Cranberries, tare da 'yan uwan nan biyu, Noel da Mike Hogan, da makaɗin ganga Fergal Lawler. A zamanin, mawaƙa da yawa in sun buɗe baki sai su karkata harshe ya koma na Amurka don kasuwa ta karɓe su. Ita ta ƙi. Yadda matan Limerick ke furta kalma a kasuwa da tashar mota, haka take furta ta a waƙa, da wannan karyewar murya tata mai kama da kukan makoki. Da wannan harshen na ƙauye ta zagaye duniya. Mu da muka san yadda ake yi wa mai Sakkwatanci ko Katsinanci dariya in ya shigo birni, mun san nauyin abin da ta yi.

Ta rasu a Landan ranar 15 ga Janairu 2018, tana da shekara 46. Da aka kawo gawarta cocin St Joseph a cikin gari, dubban mutane suka yi layi cikin sanyin hunturu. Na wuce ta wajen ranar. Na ga wata tsohuwa riƙe da hannun jikarta, ta rungume furanni a ƙirji, ba ta ce wa kowa uffan, hawaye kawai. Wata bakwai bayan nan, Limerick ta doke Galway a wasan ƙarshe na gasar hurling ta Ireland baki ɗaya, wasansu na gargajiya da ake bugun 'yar ƙwallo da sanda. Rabonsu da kofin tun 1973, shekara 45 cur. Ana tashi wasa a filin Croke Park da ke Dublin aka saki waƙarta Dreams, filin ya ɗauka baki ɗaya. Maƙwabcina, dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, yana tsaye gaban talabijin yana rerawa yana share ido da hularsa.

Sai dai akwai inda nake da ja da mutanen garin nan da nake ƙauna. Waƙar Zombie, wadda ta fito a 1994, ba ta murna ba ce. Dolores ta rubuta ta ne bayan bama-baman da IRA, ƙungiyar 'yan bindiga masu yaƙi da mulkin Birtaniya a Arewacin Ireland, ta tayar a Warrington ta Ingila a watan Maris 1993, inda yara biyu suka mutu, Johnathan Ball ɗan shekara 3 da Tim Parry ɗan shekara 12. Yanzu ta zama taken filin wasa. A 2023 magoya bayan Ireland sun cika birnin Paris da ita bayan sun doke Afirka ta Kudu a gasar rugby ta duniya. Ban ce a daina rera ta ba. Amma in na ji dubban mutane suna tsalle da ita, yaran nan biyu nake tunawa, kuma zan so a riƙa gaya wa matasa dalilin yin ta. Duk wanda ya san yadda ƙarar bam take, ba zai ji waƙar nan gabansa bai faɗi ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne waɗanda suka gaji wannan murya. Ƙungiyar Rusangano Family a Limerick ta yi suna: God Knows haifaffen Zimbabuwe, MuRli haifaffen Togo, da abokinsu ɗan ƙasa mai haɗa kiɗa. A 2017 suka lashe Choice Music Prize, kyautar kundin waƙa mafi kyau na shekara a Ireland. A 2021 Denise Chaila, haifaffiyar Zambiya mazauniyar Limerick, ta ɗauki kyautar ita ma. Tana da waƙa guda sukutum a kan sunanta, tana koya wa mutane yadda za su furta shi daidai, harafi bayan harafi.

Wannan waƙar ta taɓa ni. A wurin aikina na farko, shugabar sashenmu ta ce sunana ya yi mata wuya, ta yanke mini wani gajere da ba nawa ba, na kuma amsa shi wajen shekara biyu don gudun fitina. Ranar da na ji 'yata tana bin waƙar Chaila a ɗaki, ta cire sunan mawaƙiyar ta sa namu, washegari na je ofis na ce a gyara sunan da ke jikin katina.

Har yanzu akwai masu cewa waɗannan yara ba 'yan Limerick ba ne na asali. Ni dai na ji su suna waƙa, kuma harshen da ke bakinsu shi ne wanda nake ji a motar haya kullum da safe, in mun bi ta gefen ganuwar King John, tsohuwar fadar yaƙi da ke cikin gari, inda aka zana fuskar Dolores a jikin bango.